Haɗin Gwiwar Ƙasashe Maƙwabta Wajen Yaƙi da Kwararowar Hamada a Yankin Sahel

1.0 Gabatarwa

Iyakar da ta raba Nijeriya da Jamhuriyar Nijar ta kai tsawon kimanin kilomita 1,500, tun daga bakin kogin Kwara a yamma har zuwa tafkin Cadi a gabas. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20. Iyakar ta raba gwamnatoci, ta raba kuɗi da harshen ofis, amma ta bar ƙasar noma yadda ta same ta. Jigawar da manomin Daura yake shuka gero a cikinta, irinta ce manomin Magarya yake nomawa, kuma damina ɗaya suke jira. Idan ƙasa ta mutu a ɗaya ɓangaren, ba a daɗewa ɗaya ɓangaren yake ji a jikinsa.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda ƙasashen yankin Sahel suka yi ta haɗa gwiwa domin tunkarar kwararowar hamada da lalacewar ƙasa. Za a fara da ma'anar kalmomin, sannan a nuna dalilan da suka sa matsalar ta fi ƙarfin ƙasa ɗaya. Daga nan za a bi tarihin hukumomin da aka kafa, da dabarun manoma waɗanda suka tsallaka iyaka, da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, a kuma rufe da matsalolin da ke gaba.

2.0 Ma'anar Kwararowar Hamada

A Hausar kafafen yaɗa labarai, akan ce "kwararowar hamada" ko "gurgusowar hamada". Duk kalmomin biyu suna ɗauke da hoto iri ɗaya, wato rairayin Sahara yana tahowa kudu sannu a hankali, yana binne gonaki da garuruwa. Lalle akwai wuraren da ake ganin haka, kamar arewacin jihar Yobe a Nijeriya da yankunan Gure da Maine Sorowa a Nijar, inda tuddan rairayi suke barazana ga dausayoyi. Sai dai masana sun nuna cewa wannan ɓangare ne kawai na matsalar. Hotunan tauraron ɗan'adam da aka tattara tun daga shekarun 1980 sun nuna cewa bakin hamada yana matsowa kudu a shekarun fari, ya kuma ja da baya idan damina ta yi kyau.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da kwararowar hamada, wadda aka amince da ita a birnin Paris ranar 17 ga Yuni, 1994, ta kuma fara aiki a watan Disamba na 1996, ta fassara kalmar da cewa lalacewar ƙasa ce a yankuna masu ƙarancin ruwan sama, sakamakon sauyin yanayi da ayyukan ɗan'adam. Ke nan gona tana iya zama hamada ko da tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga Sahara. Alamomin da manomi yake gani su ne: ƙasa ta zama faƙo ruwa ba ya shigarta, iska ta kwashe fuskar ƙasa mai taki, kwazazzabai su tsaga gonaki, itatuwa su ƙare, amfanin gona ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Daga cikin musabbabin haka akwai fari, da sare itatuwa domin makamashi, da noma gona kowace shekara ba hutu ba taki, da yawan kiwo a wuri ɗaya, da ƙunar daji.

3.0 Dalilan da Suka Wajabta Haɗin Gwiwa

Abubuwa huɗu ne suke ɗaukar matsalar daga wata ƙasa zuwa wata.

Na farko iska ce. Mafi yawan ƙurar hunturu da ke rufe sararin samaniyar Kano da Damagaram daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Cadi. Iskar bazara kuwa, wadda ke zuwa gabanin ruwa, takan binne shukar gero da rairayi a duk inda babu itatuwan da za su rage mata ƙarfi.

Na biyu ruwa ne. Manyan kogunan yankin duk na tarayya ne. Alal misali, Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga jihar Katsina, inda ake kiransa kogin Gada, ya shiga Nijar ta wajen Jibiya, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya sake komowa Nijeriya ya haɗu da kogin Rima. Duk madatsar da aka gina a samansa, kamar ta Jibiya, tana shafar masu noman fadama da ke ƙasa da ita, ko a wace ƙasa suke.

Na uku dabbobi ne. Makiyaya sukan gangaro kudu da rani neman ruwa da ciyawa, su koma arewa da damina. Idan makiyayar arewa ta lalace, ko manoma suka cinye burtali, sai garke ya taru a wuri ɗaya, ƙasa ta ƙara mutuwa, rikici kuma ya tashi.

Na huɗu mutane ne. Al'adar cin rani tsohuwa ce a ƙasar Hausa, amma a shekarun fari takan zama ƙaura ta dindindin. A farin 1973 da na 1984, mutane masu yawa daga Nijar da Cadi da Mali sun kwararo biranen arewacin Nijeriya. Wannan ya sa karin maganar nan da ke cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, ta dace da wannan fage ƙwarai.

4.0 Tarihin Haɗin Gwiwar

4.1 Zamanin Mulkin Mallaka

A shekarar 1935, wani shehun malami a fannin gandun daji na Jami'ar Edinbura, mai suna E. P. Stebbing, ya wallafa ra'ayinsa cewa Sahara tana tahowa kudu, har tana barazana ga ƙasar Kano. Ya ba da shawarar a kafa wata doguwar ɗamarar daji domin tare ta. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na ma'aikatan gandun daji, wanda ya zagaya yankunan iyakar Nijeriya da Nijar a tsakanin 1936 da 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa hamada tana tahowa gaba ɗaya ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa a wurare daban-daban saboda sassabe da sare itatuwa. Stebbing da rani ya ga ƙasar, lokacin da ko'ina ya bushe. Wannan muhawara tana da muhimmanci, domin kamar yadda za a gani a gaba, shawarar ɗamarar daji ta sake dawowa bayan shekaru 70.

4.2 Farin Shekarun 1970 da Kafuwar CILSS

Daga 1968 zuwa 1974 an yi mummunan fari a yankin Sahel, wanda ya fi tsanani a 1972 da 1973. Mutane da dama sun mutu, dabbobi kuwa miliyoyi suka halaka. Ranar 12 ga Satumba, 1973, ƙasashe shida suka kafa kwamitin dindindin na yaƙi da fari a Sahel a birnin Wagadugu, wanda aka fi sani da taƙaitaccen sunansa na Faransanci, CILSS. Ƙasashen su ne Nijar, Mali, Cadi, Senegal, Muritaniya, da Bolta ta Sama, wadda ta koma Burkina Faso a 1984. Daga baya adadin ƙasashen ya kai 13.

Babban abin da wannan kwamiti ya samar shi ne ilimi na tarayya. A 1974 an kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, wadda ke tattara bayanan ruwan sama da na koguna da na amfanin gona daga ƙasashe daban-daban, tana kuma horar da ma'aikata. Amfanin haka a fili yake: ƙasa ɗaya ba ta iya gane ko ƙarancin ruwan da ta gani nata ne ita kaɗai, ko kuwa fari ne ya game yankin, sai an haɗa alƙalumanta da na maƙwabta. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen CILSS, amma tun daga 2015 ta fara amfani da tsarin bai-ɗaya na auna ƙarancin abinci wanda kwamitin ya jagoranci tsarawa.

4.3 Hukumomin Ruwa

Tun kafin fari, ƙasashe huɗu da ke kewaye da tafkin Cadi, wato Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, sun kafa Hukumar Kula da Tafkin Cadi ranar 22 ga Mayu, 1964, a birnin da ake kira Injamena a yau. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya ragu da wajen kashi 90 cikin ɗari, ko da yake ruwan ya ɗan farfaɗo daga baya. Kusan duk ruwan da ke shiga tafkin daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, waɗanda suke tasowa daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Saboda haka masuncin Baga ko na Gigimi ya dogara ne da ruwan da ya sauka a wata ƙasa mai nisa. An daɗe ana maganar haƙa wata doguwar hanyar ruwa daga yankin kogin Kwango zuwa Shari domin cika tafkin, an kuma goyi bayan shirin a wani taro da aka yi a Abuja a 2018, amma ba a yi aikin ba.

A ɓangaren kogin Kwara, ƙasashe tara sun kafa Hukumar Kula da Kogin Neja a 1980, hedikwatarta tana Yamai. Daga cikin ayyukanta akwai yaƙi da rairayin da ke cike gadon kogin a Mali da Burkina Faso da Nijar.

Tsakanin Nijeriya da Nijar kuwa, akwai hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu wadda aka kafa a 1971. A ƙarƙashinta ne aka sa hannu a kan Yarjejeniyar Maiduguri a 1990, wadda ta tanadi raba ruwa bisa adalci a kwaruruka huɗu na tarayya: Majiya da Lamiɗo, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da kuma ƙarshen kogin Komadugu Yobe. Kogin Yobe misali ne mai kyau na yadda abu yake da wuya a aikace. Madatsun Tiga, na 1974, da Challawa, na 1992, duk a jihar Kano, sun canja yadda ruwa ke malala zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, har zuwa yankin Difa a Nijar inda ake noman tattasai da shi.

5.0 Dabarun Manoma da Suka Tsallaka Iyaka

Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa. Wasu ayyukan sun yi nasara, kamar layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 domin kare gonaki daga iska, da aikin raya ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya. Amma a wurare da yawa dashen ya mutu, saboda rashin ban ruwa, da barnar awaki, da kuma rashin mai shi. Itacen da gwamnati ta dasa a fili, babu wanda yake ganin nasa ne balle ya tsare shi. Dabaru biyu da suka fi yaɗuwa daga gona suka fito.

5.1 Sassaben Zamani

A 1983, wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya da ke aiki a Maraɗi, mai suna Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai, waɗanda saiwoyinsu suke nan a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ita ce manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski. Da yake saiwar ta riga ta kai ga laima, tohon yana girma da sauri fiye da dashe, kuma ba ya bukatar ban ruwa. Manoman Maraɗi suka sa wa abin suna sassaben zamani.

Itatuwan da aka fi rainawa ta wannan hanya sun haɗa da gawo, kalgo, sabara, aduwa da magarya. Gawo yana da wata ɗabi'a ta musamman: yakan zubar da ganyensa da damina, ya yi kore da rani. Saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Darajar gawo ba sabon abu ba ne ga Bahaushe, domin ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun hana sare shi, sun kuma sa hukunci mai tsanani a kai.

Abin da ya taimaka wa dabarar shi ne sauyin matsayin itace a idon doka. A da, itatuwa da dama na hukuma ne ko da a gonar mutum suke, ma'aikatan gandun daji kuma suna cin tarar wanda ya taɓa su, don haka manomi ya gwammace ya kawar da su tun suna ƙanana. Da aka sassauta wannan, musamman bayan dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004, sai manoma suka ga ribar raino. Binciken da aka yi da hotunan sama a tsakiyar shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. Daga Nijar dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Habasha da Gana da Senegal.

5.2 Tassa da Rabin Wata

Dabara ta biyu daga Burkina Faso ta zo. A yankin Yatenga, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo ya inganta wata tsohuwar dabara da ake kira zai, a farkon shekarun 1980. Ana haƙa ƙananan ramuka a faƙo tun da rani, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki a ciki. Takin yana jawo gara, ita kuma ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga. A 1989 wasu manoma daga Ilela ta jihar Tawa suka kai ziyara Yatenga, suka ga abin da idonsu, suka dawo suka gwada a gonakinsu. A Nijar ana kiran ramukan tassa. Tare da su ake yin rabin wata, wato rami mai faɗi mai siffar jinjirin wata da ke tare ruwan da ke gangarowa. Cikin 'yan shekaru, faƙon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa a yankin. An ba Sawadogo da Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin a 2018. Sawadogo ya rasu a 2023.

6.0 Babbar Koriyar Ganuwa

A 2005, shugaban Nijeriya na lokacin, Olusegun Obasanjo, ya gabatar da shawarar a dasa ganuwar itatuwa daga wannan gaɓa ta Afirka zuwa waccan. Shugaban Senegal Abdoulaye Wade ya mara masa baya, Tarayyar Afirka kuma ta amince da shirin a 2007. Tsarin farko shi ne ɗamara mai faɗin kilomita 15 da tsawon kusan kilomita 8,000, daga Dakar zuwa Jibuti. A 2010 ƙasashe 11 suka kafa hukumar da za ta kula da aikin: Senegal, Muritaniya, Mali, Burkina Faso, Nijar, Nijeriya, Cadi, Sudan, Iritiriya, Habasha da Jibuti. Nijeriya ta kafa tata hukumar ta ƙasa da doka a 2015, domin jihohi 11 na arewa: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Yobe, Barno, Bauci, Gombe da Adamawa.

Masana sun soki tsarin farko da irin hujjar da kwamitin 1937 ya kawo, wato ganuwa ba ta tare matsalar da ke tasowa daga cikin gona. Sannu a hankali aka sauya fasalin shirin, ya koma tarin ayyuka na raya ƙasa, waɗanda suka haɗa da sassaben zamani, da tassa, da kafe tuddan rairayi, da lambunan mata, da noman dakwara domin ƙaro. Burin da aka sa wa shekarar 2030 shi ne farfaɗo da hekta miliyan 100 da samar da ayyukan yi miliyan 10. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna cewa hekta miliyan 4 kawai aka gyara a cikin yankin da aka shata wa ganuwar, ko kimanin miliyan 18 idan aka haɗa da ayyukan da ke wajensa. A watan Janairu na 2021, a wani taro a Paris, masu ba da agaji sun yi alkawarin fiye da dala biliyan 14 domin hanzarta aikin.

Kwatanta alƙaluman yana da amfani. Abin da manoman kudancin Nijar suka farfaɗo da shi da gatari da adda cikin kimanin shekaru 20 ya zarce abin da aka gyara a cikin yankin ganuwar a ƙasashe 11 zuwa 2020.

7.0 Matsalolin da Ke Gaba

Matsala ta farko rashin tsaro ce. Rikicin Boko Haram a yankin tafkin Cadi, da 'yan bindiga a tsakanin Zamfara da Katsina da Maraɗi, da tashin hankali a iyakokin Mali da Burkina Faso da Nijar, duk sun faɗo ne a kan hanyar da ganuwar za ta bi. Manomin da ba ya kwana a garinsu ba zai yi rainon itace ba.

Ta biyu siyasa ce. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, an rufe iyakarta da Nijeriya har zuwa Maris 2024. A Janairu 2025, Mali da Burkina Faso da Nijar suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, wadda ita ce ta tsara ƙa'idar zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashe a 1998. Irin wannan saɓani yana rage ganawa tsakanin ma'aikatan ƙasashen.

Ta uku kuɗi ne. Mafi yawan kuɗin ayyukan daga waje suke zuwa, alkawari kuma ya fi cikawa yawa. Ta huɗu ita ce yawan jama'a da bukatar makamashi. Muddin itace da gawayi ne abin girki a birane, dazuzzukan da ke kewaye da su za su ci gaba da shan gatari.

8.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa haɗin gwiwar maƙwabta ya fi amfani a wurare uku: musayar bayanan ruwan sama da na abinci, daidaita rabon ruwan koguna da hanyoyin kiwo, da buɗe hanya domin manoma su koyi dabaru daga juna. Hukumomi suna da rawar da babu mai taka ta sai su, domin manomi ba ya iya sa a saki ruwan madatsa, ba ya kuma iya sauya dokar gandun daji. Amma raya ƙasa kanta a gona ake yinta, kuma mai gona yana yinta ne idan ya tabbata itacen da ya raina nasa ne. A nan al'ummar Hausawa suna da wata dama ta musamman. Manomin Matamaye da na Ɓaɓura harshe ɗaya suke yi, kasuwa ɗaya suke ci, sunan gawo da kalgo ɗaya ne a bakinsu. Duk shirin da zai kai ɗayansu gonar ɗaya, ba ya bukatar tafinta.